Amana da Sirri Tsakanin Ma'aurata: Hukuncin Bayanan Gida da ke Cikin Waya da Kwamfuta

Har zuwa 'yan shekarun baya, attajiri ko ɗan tireda a ƙasar Hausa yakan tara bayanan dukiyarsa ne a wurin da ido ke iya gani: littafin bashi da aka rubuta da ajami ko da boko, takardun filaye da gonaki a cikin adaka, mabuɗin kuma yana aljihun 'yar ciki ko ƙarƙashin matashi. Idan ta Allah ta kasance, sai manyan gida su taru a buɗe adakar a gaban shaidu. Ko da maigidan bai taɓa gaya wa iyalinsa komai ba a rayuwarsa, takardar tana nan, tana magana a madadinsa.

Yau adakar ta koma wayar hannu. Tun da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a 2014, aka kuma wajabta haɗa layin waya da lambar NIN daga Disambar 2020, sai asusun mutum ya ɗamfaru da layinsa, layin kuma ya ɗamfaru da shi kansa. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023 ya ƙarasa tura mai shago da mai sayar da ƙosai zuwa ga tura kuɗi ta waya. Bashin da ake bin mutum, da wanda yake bi, da ajiyar da aka ba shi, da hoton takardar filinsa, duk suna bayan wata lamba da shi kaɗai ya sani. Wannan adakar kuwa ba a fasa ta da guduma.

Tambayar da aka fi kawo wa malamai ita ce: shin miji yana da haƙƙin sanin lambar sirrin wayar matarsa, ko ita tana da haƙƙin sanin tasa? Tambayar ta zo a karkace, domin ta ɗauki waya a matsayin abu guda mai hukunci guda. Fiƙihu bayanan da ke ciki yake dubawa, ya tambayi haƙƙin wa ya rataya a kan kowane ɗaya. Akwai bayanin da ɓoye shi zalunci ne, akwai kuma wanda bayyana shi, ko ga abokin zama, cin amana ne, kuma sau da yawa dukkansu suna kwance a cikin manhaja ɗaya.

Bayanin da haƙƙin wasu ya rataya a kansa

Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Jamhurun malamai sun ɗauki umarnin a matsayin mustahabbi, Imam Ɗabari kuwa ya zaɓi wajabci. Haka nan hadisin Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, wanda Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Bukhari da Muslim ma suka ruwaito, ya nuna bai dace Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce ba. Malamai sun bayyana cewa wasiyya da sadaka mustahabbi ce, amma wanda ke da bashi a kansa ko ajiyar mutane a hannunsa, ba kuma wata hujja da za ta tabbatar da su bayan ransa, to bayyana su wajibi ne a kansa.

Manufar rubutu ita ce a karanta shi ranar da aka buƙace shi. Wanda ya rubuta bashinsa a wayar da babu mai iya buɗewa sai shi, ya cika surar umarnin, ya bar manufarsa. Ƙa'idar usulu sananniya ce, cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Saboda haka abin da ya fi kusa da daidai shi ne, samar da hanyar da wani amintacce zai kai ga waɗannan bayanai yana ɗaukar hukuncin bayyana su.

Ƙissar Zubairu ɗan Awwam da Bukhari ya kawo ta isa misali. A ranar yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan Hijira, ya kira ɗansa Abdullahi ya shaida masa cewa babbar damuwarsa ita ce bashin da ke kansa. Asalin bashin kuwa ajiya ce: mutane sukan kawo masa dukiya ya adana musu, sai ya ce a mayar da ita rance, don gudun kada ta salwanta ba lamuni. Da aka ƙididdige, bashin ya kai 2,200,000 na kuɗin wancan zamani. Abdullahi ya biya, sannan ya ƙi raba gadon har sai da ya shekara huɗu yana shela a lokacin aikin Hajji, ko akwai sauran mai bin mahaifinsa. Mahaifin Jabir ma, a daren yaƙin Uhudu, ɗansa ya kira ya gaya masa bashin da ke kansa, ya kuma yi masa wasicci da 'yan'uwansa mata. Waɗannan sun samu damar yin magana kafin ajali. Mai mutuwar hatsarin mota a hanyar kasuwa ba ya samun wannan dama, ga shi kuma Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya.

Jinkiri ma yana da nasa hatsarin a wannan zamani. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yakan sake sayar da shi ga wani, saƙonnin bankin mamaci su riƙa shiga hannun baƙo. WhatsApp yakan goge asusun da ya kwana 120 ba a buɗe shi ba, Google kuma tun Disambar 2023 yana da damar goge asusun da ya shekara biyu a yashe. Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idoji a 2024 na mayar da kuɗin asusun da ya shekara goma ba motsi zuwa wani asusu na musamman a hannunsa. Magada suna iya neman kuɗin, amma ba mai neman abin da bai san da shi ba.

Mace a matsayin ma'ajiya

Akwai wata tsohuwar al'ada a tsakanin maza, ta cewa ba a bari mace ta san samun miji, don kada buƙatunta su ƙaru ko ta kai labari gidansu. Shari'a ba ta wajabta wa miji ya sanar da matarsa adadin dukiyarsa ba. Abin da ta wajabta shi ne ciyarwa da tufatarwa da wurin zama gwargwadon hali. Amma ɓoye adadin samu daban, ɓoye haƙƙoƙin mutane daban, kuma a nan ne al'adar takan jawo ɓarna: mace ta fita takaba, masu bin bashi suna sallama a ƙofar gida, ita ba ta san gaskiyarsu ba balle ƙaryarsu, waɗanda mijin ke bi kuwa sun yi shiru.

Littattafan Malikiyya sun kalli mace da wani ido dabam. A babin wadi'a, wato ajiya, Shaihu Khalil ya bayyana a Mukhtasar cewa wanda aka bai wa ajiya yakan zama mai lamuni idan ya miƙa ta ga wani ba tare da uzuri ba, sai dai ya togace matarsa wadda aka saba tana adana masa kaya. Ke nan mazhabar ta ɗauki matar da aka jarraba amanarta a matsayin wurin tsaro na dukiyar miji, har da dukiyar da wasu suka ba shi. Idan ya halatta ya ajiye zinariyar wani a hannunta, to sanar da ita cewa akwai zinariyar wane a wuri kaza ya fi cancantar halatta. A wannan babin dai aka ce idan mai riƙe da ajiya ya mutu bai yi bayaninta ba, aka kuma neme ta aka rasa, to za a cire ta daga dukiyar da ya bari, sai fa idan an ɗauki lokaci mai tsawo kamar shekara goma. Shirun mamaci, ashe, marayunsa ne ke biyan kuɗinsa.

Hukuncin bai taƙaita ga maza ba. Mata da yawa suna sana'a daga cikin gida, suna karɓar kuɗin atamfa da turare da kayan ɗaki ta waya. Uwar adashi kuwa amanar mata ashirin ko talatin ce a hannunta, kuma sau da yawa jerin waɗanda suka kwasa da waɗanda suka rage yana cikin wani zauren WhatsApp ne ko a kanta kawai. Abin da ya hau kan miji na bayyana haƙƙoƙin mutane ya hau kanta daidai wa daida.

Inda lamarin ke da sarƙaƙiya shi ne gidan da ke da mace fiye da ɗaya. Miƙa wa uwargida ko amarya ita kaɗai mabuɗan dukiya yana jefa ta cikin tuhuma ko da ta fi kowa gaskiya, kuma shari'o'in gado da yawa daga irin wannan zargi suke tasowa. Zubairu ya bar mata huɗu, amma ɗansa ya ɗora wa nauyin. Abin da ya fi aminci a irin wannan gida shi ne a raba sani da iko: kowace mace ta san cewa akwai rubutaccen bayani, ta san kuma a hannun wa yake, amma lambobin su kasance a rufe cikin ambulan a wurin wasiyyi adali, ba a buɗewa sai a gaban magada.

Lambar sirri ba mallaka ba ce

Aure a Musulunci ba ya haɗe dukiyar ma'aurata. Sadaki na mace ne, abin da kowa ya tsuwurwurta nasa ne, kamar yadda ayoyi na 4 da na 32 na Suratun Nisa'i suka nuna. Malikiyya sun keɓanta da cewa miji yana iya hana matarsa yin kyauta da abin da ya wuce sulusin dukiyarta, saɓanin Hanafiyya da Shafi'iyya. Wasu sukan kafa hujja da wannan su ce dole ta ba shi lambar asusunta. Hujjar ba ta kai nan ba, domin hanin ya shafi kyauta ne kawai, bai shafi cinikinta ba, bai kuma ba shi ikon taɓa ko sisin kwabo ba.

Idan ɗayansu ya bai wa ɗaya katin cirar kuɗi da lambarsa don cefane ko kuɗin makaranta, sunan wannan a fiƙihu wakalci, iyakarsa kuma ita ce abin da aka yi izini a kai, da lafazi ko da al'ada. Hadisin Hindu 'yar Utba, wadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta daga dukiyar Abu Sufyan, yana magana ne a kan mijin da ya ƙuntata ciyarwar wajibi, kuma an ɗaure izinin da gwargwadon buƙata.

Wakalci yana faɗuwa da mutuwar wanda ya wakilta. Daga wannan lokaci kuɗin da ke asusun ya zama tarika: a fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya daga sulusi, sannan gado. Matar da ta san lamba ta kwashe kuɗi kafin labari ya kai banki, ko ƙanin mamaci da ya karɓe wayar ya yi haka, dukiyar magada suka ci, cikinsu har da marayu. Rabon mata tumuni ne idan akwai ɗa ko 'ya, rubu'i idan babu, kuma kishiyoyi tarayya suke yi a cikinsa. Sanin lamba ba ya ƙara mata komai a kan haka. Haka nan sunan makusanci da ake rubutawa a takardar buɗe asusu ba ya mayar da mutum magaji, banki yakan nemi takardar kotu kafin ya saki kuɗin mamaci. Wanda ke nufin yi wa matarsa kyautar kuɗi, to ya tura su asusunta yana da lafiya, domin kyauta a mazhabar Malik tana ɓaci idan mai bayarwa ya mutu kafin a karɓe ta, kuma babu wasiyya ga magaji.

Wata mas'ala da ɗalibai ya kamata su lura da ita ita ce ƙarfin abin da aka samu a rubuce cikin waya. Malikiyya sun ce ko da an tabbatar wasiyya da hannun mamaci aka rubuta ta, ba a zartar da ita idan bai kafa shaidu ba, bai kuma ce a zartar ba, saboda mai yiwuwa ne ya rubuta yana shawara da zuciyarsa sannan ya fasa. A ɓangaren iƙirarin bashi kuwa sun yarda a yi shaida a kan rubutun hannun mai iƙirari. To amma abin da aka buga a waya ba shi da rubutun hannu, duk wanda ya san lamba yana iya ƙarawa ko ya goge. Matsayinsa bai wuce alama da alƙali zai auna ba, saƙon murya da shaidar tura kuɗi ta banki sun fi shi ƙarfi. Saboda haka fayil ɗin da ma'aurata ke tarayya a kansa yana da amfani wajen tunatarwa, amma manyan haƙƙoƙi suna buƙatar takarda da sa hannu da shaidu biyu. Wannan ya fi zama dole idan matar ce ke bin mijin, kamar ragowar sadaki ko kuɗin sarƙarta da ta sayar ta ba shi jari, domin iƙirarin da mai ciwon ajali ya yi wa magajin da ake tuhumarsa da fifitawa ba ya karɓuwa.

Abin da ba a leƙawa, da abin da ba a rabawa

Duk abin da ya gabata bayarwa ce da yardar mai abu. Buɗe wayar abokin zama a ɓoye, ko haɗa WhatsApp ɗinsa da wata na'ura don a riƙa karanta saƙonninsa, wannan tajassusi ne da aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana, kuma ayar ba ta togace ma'aurata ba. Ayar ta fara ne da hana yawan zato, Bahaushe ma ya ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir hanin matafiyi ya faɗo wa iyalinsa da dare. A wata ruwayar Muslim an ambaci dalilin, wato tuhumarsu da ha'inci ko neman tuntuɓensu, ko da yake Sufyan ya yi shakka ko wannan ƙarin yana cikin hadisin. Bukhari dai da wannan ma'ana ya ƙulla babin. Idan an hana mutum shiga gidansa na kansa da niyyar kama laifi, to shiga wayar da ba tasa ba ta fi cancantar hani.

Masu wa'azi sukan kawo hadisin da ke kamanta duba wasiƙar wani ba izini da leƙa wuta. Abu Dawud da ya ruwaito shi ya bayyana da kansa cewa hanyoyinsa duka raunana ne, don haka bai kamata a gina hukunci a kansa ba, ga kuwa ingantattun dalilai sun wadatar. Ƙissar wasiƙar Haɗib ɗan Abi Balta'a, wadda aka ƙwace aka karanta, ta shafi cutar da ke fuskantar al'umma ne, kuma da umarnin shugaba aka yi. Ba ta zama hujja ga mai kishi ba. Wanda zargi ya dame shi, shari'a ta buɗe masa ƙofar magana da nasiha, da masu sulhu biyu daga dangin kowane ɓangare kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara, sannan alƙali.

Sai kuma abin da ko mai wayar ba shi da ikon nunawa, domin ba nasa ba ne. Ƙawa ta kai wa mace kukan aurenta, ɗan'uwa ya gaya wa miji ciwon da yake ɓoyewa. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa maganar da mutum ya faɗa sannan ya waiwaya amana ce. Farkon Suratut Tahrim ya nuna cewa ko a gidan Annabta, fitar da sirri daga ɗakin wata zuwa ɗakin wata abin zargi ne. Likita da ma'aikaciyar jinya da alƙali da malamin da ke yin sulhu sun fi kowa shiga wannan. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Brunei a 1993, ta tabbatar da cewa sirrin marar lafiya amana ne da ba a fitar da shi sai da dalilin da shari'a ta yarda da shi, aure kuwa ba ya cikin waɗannan dalilai. Kwamfutar gida da kowa ke buɗewa ba wurin ajiye irin waɗannan takardu ba ce. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Hotuna su ne inda aka fi sakaci. Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Mas'ud hanin mace ta siffanta wa mijinta wata mace har ya zama kamar yana ganinta. Wayar mace cike take da hotunan ƙawaye da 'yan'uwa a wurin kamu da walima, ba mayafi, sun saki jiki ne don suna tsakanin mata. Hoto ya wuce siffantawa. Sau da yawa ba ma da niyya ake yi ba: maigida ya saya wa iyali waya ya buɗe ta da adireshinsa na Google, sai hotunan su riƙa hawa ma'ajiyar intanet da kansu suna bayyana a tasa wayar, wani lokaci har a ta kishiya idan ita ma da adireshin aka buɗe mata. Maganin wannan kowa ya mallaki nasa adireshin, a keɓe wuri guda na tarayya don takardun gida kawai: shaidar haihuwar yara, katin rigakafi, rasiɗin haya da na makaranta, hotunan takardun fili.

Game da abin da ke gudana tsakanin miji da mata a shimfiɗa, Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'id Al-Khudri cewa mai yaɗa shi yana cikin mafi sharrin mutane a ranar Alƙiyama. Ɗaukar hoto ko bidiyon irin wannan, ko da da yardar juna, ƙa'idar toshe kafar ɓarna, wadda Malikiyya suka fi kowa riƙo da ita, tana hukunta hana shi. Waya takan ɓata, takan je wurin mai gyara, yara sukan ɗauka, aure kuma yakan mutu a bar fayil a hannun wanda ya fusata.

Wannan ya dawo da magana kan wayar mamaci. Na'urar kanta tana cikin tarika, sai dai sirrin da ke ciki ba a gadonsa. Wasiyyi zai buɗe abin da ya shafi dukiya da haƙƙoƙi ne kawai, a gaban wani daga cikin magada, ya kwafe shi, ya bai wa matar dama ta cire abin da ya shafe ta, sannan a goge sauran kafin a sayar da wayar ko a bai wa wanda ta faɗo a rabonsa. Google tun 2013, da Apple tun ƙarshen 2021, sun tanadi hanyar da mutum zai ambaci wanda za a bai wa bayanansa bayan rasuwarsa. Tsarin Google yana ba da damar zaɓar irin bayanan da za a miƙa wa kowane mutum, ta yadda za a iya bai wa wasiyyi takardun dukiya ba tare da hotuna da wasiƙu ba. Wannan naɗi a fiƙihu wasicci ne na kula, ba na mallaka ba, don haka ya halatta a ɗora shi a kan mata ko miji duk da kasancewarsu magada, da sharaɗin amana da iya aikin.